GWAGGO TA DAWO GIDA

Jawabin da shugaban kwamitin motar makaranta ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai da ma'aikata, Allah Ya jiƙansu da rahama, amin.

A taron bara kun ɗora wa kwamitinmu aiki biyu. Na farko, mu je Kaya mu duba tsohuwar motar nan da aka ce ita ce Gwaggo, mu tabbatar ko ita ce ko ba ita ba ce. Na biyu, mu dawo mu gaya wa ƙungiya ko ta cancanci a kashe mata kuɗi. Saboda ƙannenmu da ba su tarar da ita ba, Gwaggo dai ita ce Kombi ta makaranta, koriya, wadda ke ɗauko buhunan gero da garwanin manja daga kasuwar Talata Mafara, ita ke kai marar lafiya asibiti da tsakar dare, ita kuma ke kwasar 'yan ƙwallo zuwa Bakura da Maradun. Tarin da take yi da asuba kafin ta yarda ta tashi shi ya jawo mata wannan suna.

To, amsar tambaya ta farko ita ce: i, ita ce. Amma yawancin labarin da muka daɗe muna ba juna game da ita, ƙarfen jikinta bai yarda da shi ba. Da yake kuɗin jama'a za a kashe, ya kamata ku ji yadda muka gane haka dalla-dalla.

Mun same ta a bayan wani gida, a kan duwatsu, babu taya ko ɗaya, kaji sun mayar da ita akurki. An shafe ta da shuɗin fenti irin na motocin haya, an rubuta addu'a a goshinta. Mutanen gidan sun karɓe mu da mutunci, suka ce mahaifinsu ya saye ta a gwanjon kayan gwamnati a shekarun 1980, ya yi ta jigilar tumatir da albasa da ita daga gonakin ban-ruwa na Bakolori har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan labari ne mai daɗi, amma Kombi ba ɗaya ba ce a ƙasar nan a wancan zamani. Makarantu da asibitoci da ma'aikatu duk suna da irinta, kuma da yawa ta hanyar gwanjo suka bar hannun gwamnati. Saboda haka muka ajiye labari a gefe, muka shiga karanta motar kanta.

Ku yi mini haƙuri in ɗan koma baya, don ba za a fahimci sauran bayanin ba sai da shi. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera wannan mota a 1950, bayan wani dillalinsu ɗan ƙasar Holan, Ben Pon, ya zana siffarta a 1947: akwati a kan taya huɗu, direba a can gaba, inji a can baya, kaya a tsakiya. Ta farkon, gilashinta na gaba biyu ne da ƙarfe a tsakani, kuma ƙofar gefenta mai ɓalle biyu ce, ana buɗe ta kamar taga. An yi wannan a Jamus har 1967. Daga nan aka fito da ta biyu, mai faffaɗan gilashi guda ɗaya da ƙofar gefe ta turawa, aka yi ta har 1979. Kombi ce mutanen Legas suka fara kira danfo. Sai kuma ƙasar Barazil, wadda ta soma haɗa tata a 1957, ba ta daina ba sai a watan Disamba na 2013. Mutanen Barazil sun yi wani haɗin gambiza daga 1976: gaban motar irin na sabuwa mai gilashi ɗaya, amma bayanta da ƙofar gefenta irin na tsohuwa. Ba su koma ƙofar turawa ba sai a 1997.

Wannan ya ba mu hujja ta farko tun kafin mu taɓa sifana. Ta Kaya gilashinta ɗaya ne, ƙofarta kuma ta turawa ce, har layin dogon da take gudu a kai yana nan. Ke nan ƙirar Jamus ce ta biyu.

Hujja ta biyu fitilu ne. Daga 1968 zuwa 1971 siginar gaba tana ƙasa, ƙarƙashin manyan fitilu, fitilun baya kuma ƙanana ne. Daga 1973 aka mayar da siginar gaba sama, kusa da ragar shan iska da ke ƙarƙashin gilashi, fitilun baya kuma dogaye. Shekara ɗaya tak aka yi mai ɗauke da rabin wannan da rabin wancan, watau siginar gaba a ƙasa, fitilun baya dogaye, ita ce 1972. Haka muka tarar da ta Kaya.

Amma fitila da ƙofa ana iya canja su, duk wanda ya zauna a garejin mai gyaran bodi ya san haka. Abin da ba a canjawa sai da mugun nufi shi ne lambar shasi. A wannan mota an buga ta ne a jikin ƙarfe cikin ɗakin inji, muka kankare baƙin mai da ƙasa da kananzir da buroshi har ta fito. Lamba 10 ce, ta fara da 2322. Jamusawa ba sa buga lamba a banza. Biyun farko suna faɗin irin motar: 21 ta kaya ce zalla wadda ba ta da tagogi, 22 ta fasinja ce mai kujeru masu kyau, 23 ita ce Kombi ta ainihi mai ɗaukar mutum da kaya, wadda ake iya cire kujerunta, 26 kuwa akori-kura ce. Lamba ta uku tana faɗin shekara, 2 ke nan 1972. Ta huɗu kuma an ƙara ta ne daga 1970 don kada a rikita su da na shekarun 1960. Abu ɗaya da za a kula: shekarar kamfanin daga watan Agusta take farawa. Saboda haka an ƙera Gwaggo tsakanin Agusta 1971 da Yuli 1972, a masana'antarsu ta Hanoba.

Ina ganin wasu daga cikin 'yan ajinmu suna kallon juna. Na sani, shekara da shekaru muna cewa sabuwa dal aka kawo ta daga masana'antar Volkswagen ta Legas. To, waccan masana'anta da ke Ojo, a kan hanyar Badagiri, ba ta fara aiki ba sai a 1975, shekarar da ita ma Peugeot ta buɗe tata a Kaduna. Gwaggo ta girme ta da shekara 3. A nawa ganin, abin da ya ruɗe mu shi ne sabon fenti. Yaro ɗan aji ɗaya idan ya ga mota tana ƙyalli, ai sabuwa ce.

Akwai kuma wani abu da ya burge ni, wanda na san malamanmu na tarihi za su so. Sitiyarinta a hagu yake, ƙofar turawa kuma a dama. Iyayenmu da ke nan za su tuna cewa ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Motocin da aka shigo da su kafin nan yawanci sitiyarinsu a dama yake. Ita kuwa an ƙera ta daidai lokacin sauyin, da ƙofar da ke sauke fasinja a gefen hanya bisa sabon tsari. Ta zo duniya muna Jihar Arewa maso Yamma, ta yi ƙuruciyarta a Jihar Sakkwato da aka kafa a 1976, tsohuwar lambar da muka tarar a bayanta ma da SO ta fara, ga shi kuma za ta sake tashi a Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba 1996.

Duk wannan ya nuna ko wace iri ce, bai nuna tamu ce ba. Abu biyu suka yanke hukunci. Mai fentinmu ya ɗauki takardar goge ƙarfe mai laushi da ruwa, ya riƙa bin ƙofar direba a hankali, hawa-hawa, ba ya yarda ya kai ga ƙarfe. Ƙarƙashin shuɗi sai ga kore. A kan koren nan sai ga fararen haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, sunan makarantar nan da tambarinta. Jama'a, ban ɓoye muku ba, mu huɗu ne a wurin, dukanmu masu furfura, babu wanda ya iya magana na ɗan lokaci. Sa'an nan babban ɗan gidan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar adaka, a ciki akwai rasiɗin gwanjo, lambar shasin da ke jikinsa ta yi daidai da wadda muka kankare, ba ragi ba ƙari.

Ƙarƙashin koren kuma akwai fari. A bayan kujerar gaba kamfanin yakan manna wani ɗan faranti mai ɗauke da lambar launi, na wannan motar yana nan, an rubuta L90D, watau farin da ya ɗan ja zuwa launin madara. Ke nan fara ta baro Jamus. Zan dawo kan wannan.

Yanzu sai inji, inda matsalar take, inda kuma kuɗin zai tafi. Injin da ke cikinta ba nata ba ne. Lambar inji tana ƙarƙashin mazaunin dinamo, kuma irin wannan mota ta 1972 mai inji 1600 lambarta da AD take farawa, ƙarfin doki 50, kowane kan inji yana da hanyar shan mai biyu. Wanda muka tarar da H ya fara, watau 1500 ne mai ƙarfin doki 44, mai hanya ɗaya, irin na ƙaramar Beetle mai doro ta ƙarshen shekarun 1960. Wani zai ce, to mene ne, doki 6 kawai? Ba a dokin abin yake ba, a zafi yake.

Wannan inji ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa ko ɗigo. Iska ce ke sanyaya shi. Fanbel yana juya dinamo, a bayan dinamon akwai fanka, fankar tana zuƙo iska daga ramukan da ke saman kusurwar baya, ta tura ta kan silinda huɗu, iskar ta fita ta ƙasa da zafinta. Dukan hikimar tana ga gwangwanayen da suka kewaye injin da robar da ta toshe tsakaninsa da bodi, su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. To, a 1972 an faɗaɗa ɗakin injin, saboda haka gwangwanayen Beetle ba sa rufe shi. Mun tarar da giɓi a kowane gefe wanda hannu zai shige. Ma'ana injin yana shaƙar zafin da ya fitar, da ƙurar hanya a kai. Bugu da ƙari, a tsofaffin injuna irin wannan, abin sanyaya baƙin mai yana tsaye ne a kan hanyar iskar da ke zuwa silinda ta 3, shi ya sa kullum ita ke fara ƙonewa. Daga 1971 kamfanin ya fitar da shi gefe ya yi masa ɗakinsa daban. Ku haɗa wannan da ranar Mafara ta watan Afrilu da lodin albasa, za ku gane dalilin da ya sa da muka buɗe kan injin muka tarar bawul ɗin silinda ta 3 ya tsage.

A nan bari in yi tsokaci, da yake akwai abokan sana'ata a zauren nan. Mu makanikai mun kashe irin waɗannan motoci fiye da yadda hanya ta kashe su. Yaro zai sauke inji, ya ga gwangwani yana ba shi wahalar mayarwa, sai ya jefar, ya ce wai don inji ya sha iska. Alhali abin da motar ke bukata kaɗan ne. Baƙin mai lita 2 da rabi, a canja shi duk kilomita 5,000, domin ba ta da matatar mai sai 'yar rariya a ƙasa. A daidaita bawul a kan milimita 0.15 inji yana sanyi. In jar fitilar caji ta kama a kan hanya a tsaya nan take, don in fanbel ne ya tsinke to fanka ma ta tsaya. A riƙa duba robar fetur, domin tankin yana dab da inji, kuma tsohuwar roba ita ce ta cinye Kombi da yawa da wuta. Marigayi Baba Direba, Allah Ya jiƙansa, bai yi boko ba, amma duk Asabar za ka gan shi kwance a ƙarƙashinta. Da muna yi masa dariya.

Game da bodi, labarin ya fi daɗi. A Turai gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara shi ke cinye waɗannan motoci, mu kuwa bushewar ƙasarmu ta rufa mata asiri. Manyan ƙarafan ƙasa lafiya suke. Tsatsa ta ci wuri uku: mazaunin batir, inda ruwan batir ya zuba, magudanar rufi, inda ganye ya tare ruwan damina, sai daɓen tsakiya, wanda takin zamani da kashin kaji suka huda. Duk aikin walda ne da za a iya yi a nan gida. Sharaɗin da na gindaya wa mai waldar shi ne a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa sabo, ban yarda a cike rami da fila a shafe da fenti ba. Birkin gaba na faifai ne, kamar yadda kamfanin ya fara sa wa daga 1971, amma duk bututu da robobin birkin sababbi za a sa, a nan babu ciniki. Mun yi cigiyar kaya a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, wasu kuma sai Ladipo a Legas. Da yake Barazil ta daɗe tana ƙera motar, kayan inji ba su yi wuya ba, sai dai a yi hattara da kayan bodi, don ba duk na Barazil ne ke hawa ƙirar Jamus ba.

To, sai tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi. Tun da labari ya bazu, wani dillali daga kudu ya yi mana tayi. Wasu daga cikinmu kuma sun turo hotuna daga intanet na wata Kombi da aka sayar a gwanjo a Amurka a 2017 a kan fiye da dala 300,000. Gaskiya ne an yi haka. Amma waccan ƙirar 1965 ce mai gilashi biyu da tagogi 21. Tamu ta aiki ce, an ƙera irinta dubbai, injinta ma aro ne. Kada kowa ya kwana da mafarkin dala.

Maganar da ta fi wannan ƙarfi ita ce wadda wani yayanmu ya yi a taron kwamiti, cewa rufin ajujuwa biyu yana yoyo, rijiyar burtsatse ta tsaya, ina dalilin zuba kuɗi a tsohon ƙarfe? Ina girmama wannan magana, kuma ban zo in ce mota ta fi rufi ba. Shawarar kwamiti ita ce kada a taɓa ko kobo daga asusun gyaran makaranta. A buɗe asusu dabam, wanda ya ga zai iya ya sa, aikin kuma a yi shi mataki-mataki gwargwadon abin da ya shigo. Ma'aji yana da lissafin abin da aka kashe zuwa yau, na saye da na ɗauko ta a bayan babbar mota, kowa na iya dubawa.

Dalilina na cewa kada a sayar kuwa ba begen ƙuruciya kaɗai ba ne. Yaranmu suna karanta inji a darasin fasaha, amma a allo suke ganinsa. Babu injin da ya kai wannan sauƙin koyarwa. Noti huɗu ke riƙe da shi a jikin giyabos, mutum biyu da jak za su sauke shi, kuma komai nasa a fili yake: ga kafireta, ga fulogi, ga fistin, babu kwamfuta babu ɓoye-ɓoye. Na nemi izinin Shugaban Makaranta a yi aikin a harabar makaranta ranakun Asabar, ɗalibai suna kallo suna miƙo sifana, ya kuma amince. Idan ta tashi, aikinta ranar rabon kyaututtuka da zagayen cikin gari. Ban goyi bayan a loda mata yara a hau babbar hanyar Gusau ko Sakkwato ba. Mota ce da ba ta da hanci, tsakanin gwiwar direba da abin da ke gabansa falle ɗaya ne na ƙarfe, hanyoyinmu kuma kun san halin da suke ciki.

Saura abu biyu da ke bukatar ƙuri'arku yau. Inji: ko a gyara na Beetle da ke ciki, wanda ya fi araha, ko a nemo 1600 mai hanya biyu da cikakkun gwangwanayensa. Ni ina kan na biyu, ko da zai ja mu wata 6, domin na farkon za mu sake buɗe shi kafin damina biyu. Sai launi. Masu bin ƙa'idar gyaran tsofaffin motoci za su ce a mayar da ita fara yadda ta baro masana'anta, kuma matashin injiniyan da ke cikin kwamitinmu yana kan wannan ra'ayi, da hujjarsa. Ni kuwa na ce fara motar Volkswagen ce, koriya ita ce Gwaggo. Na kuma roƙi a bar wani ɗan wuri a cikin ƙofar direba kamar faɗin tafin hannu ba tare da sabon fenti ba, a shafa masa mai ƙyalli kawai, inda fari da kore da shuɗi za su riƙa bayyana a jere.

Ina roƙon iyayenmu malamai da duk wanda ke da tsohon hoton da motar ta fito a ciki, ko da a bayan mutane ne, ya ba Sakatare aro. Haruffan gefen dama sun goge gaba ɗaya, mai rubutun yana bukatar ya ga girmansu da inda suka zauna. Za a ɗauki hoton hoton a mayar wa kowa da abinsa.

Motar tana bayan ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin rumfa. Bayan sallar azahar zan tsaya a wurin da tocila don wanda ke son ganin lambar da idonsa. Don Allah kada a bar yara su tura ta, ba ta da birki tukuna.